Manyan Baƙaƙe Don Idon Inna

Inna, wadda ta haife ni, ba ta iya karatu ba sai da furfura ta fara fito mata. Bayan rasuwar Babanmu, da ta fita takaba, ta shiga Islamiyyar matan aure da ake yi bayan la'asar a Gubuchi. Ta zauna tabarma ɗaya da sa'o'in 'ya'yanta, suna mata dariya tana taya su, har baƙi da wasali suka zauna mata. Daga nan ba ta da abin ƙauna kamar wani ɗan littafin addu'o'in safe da yamma, bugun inji, wanda bai wuce tafin hannu ba. In ta idar da asuba sai ta jira gari ya yi haske, ta jawo tabarma bakin ƙofar ɗakinta, ta ɗora yatsa a kan layi tana bi. Ba ta haddace ba. Takan ce kan tsoho rariya ne, abin da ka zuba da safe kafin azahar ya tsiyaye. Dole sai da littafin.

Sai yana ta fara rufe mata ido. Yayana, wanda take zaune a gidansa, ya kai ta asibiti aka yi wa ido ɗaya aiki, aka kuma dace daidai gwargwado. Tana gane fuskar mutum, tana ganin hanyarta, amma ƙananan baƙaƙe sun koma mata kamar tururuwa a cikin ruwan tsari. Tabarau ma bai yi ba.

Ni ce autarta, ina aure a Ikara. Wata ranar da na je gaishe ta, na hangi ɗan littafin ƙunshe a leda, an saƙale shi can saman bango inda hannunta ba ya kaiwa.

Na ce, “Inna, wa ya kai miki littafi can?”

Ta ce, “Ni na sa. Da ma aro aka ba ni karatun, Auta. Mai shi ya karɓi abinsa.”

Ko hawaye ba ta yi ba, kuma da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi. Matar yayana ta gaya mini a madafa cewa yanzu in an yi asuba sai Inna ta koma ta kwanta ta juya wa ƙofa baya, abin da ba ta taɓa yi ba. Yaya ya yi nasa ƙoƙarin. Ya sa aka tura masa addu'o'in a waya da muryar wani mai karatu, ya kawo mata yana murna.

“Ga shi, Inna. Nan kawai za ki latsa.”

“To, ita wayar ta karanta, ni kuma in yi me? In ce amin?”

“Ai duk ɗaya ne, kina saurara kina bi.”

“In matarka ta ci tuwo, kai kake ƙoshi?”

Yaya ya mayar da wayarsa aljihu.

A motar komawa Ikara na yi ta juya maganar a raina. Inna tana ganin fuska, tana ganin kaza a tsakar gida. Ashe ba gani ne ya ƙare ba, baƙaƙen ne suka yi mata ƙanana. Da na samu izinin maigida sai na nufi Kudan wurin Baffa, ƙanin Babanmu, malami ne da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa tun yana da ƙuruciya. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi maigida da yara da mutanen Ikara kaf, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya jawo kara ya feƙe alƙalami mai faɗin baki, ya rubuta Bismillah da girma daban-daban a kan takardu iri-iri, ya ce in kai mata ta zaɓa.

Farar takarda tas ɗin nan Inna ta ture ta gefe, ta ce tana kashe mata ido. Ta tsaya a kan wata mai kauri wadda farinta ya ɗan ja, kamar nonon da ya kwana. A girman rubutu kuwa ta zaɓi mafi girma duka. Ta ɗora yatsa ta karanta shi sarai, ta sake karantawa, ta kuma sakewa, ta ƙi ba ni takardar.

Da na koma wa Baffa da labari ya riƙe haɓa. Tsakaninsa da Inna akwai wasan ƙanin miji da matar wa, tsufa bai kashe shi ba.

“Kowane baƙi kamar ƙwan zabo? Tsohuwar nan so take ta ƙarar mini da tawada. Ki gaya mata ladan rubutuna fura ce, mai nono, ba irin tsululun da take dama wa marigayi yayana ba.”

Duk bazarar nan yana rubutu, da tawadar bagaruwa wadda ba ta wankuwa kamar ta allo. Layi kaɗan ke cika shafi, don haka ɗan littafin da bai wuce tafin hannu ba ya zama tarin takardu masu faɗin faifai. Ya kawo su yadda malamai ke ajiye nasu, warƙa-warƙa, kowace takarda daban, ba ɗinki, an sa su tsakanin kwali biyu an ɗaure da igiyar fata. Haka Alƙur'aninsa ma yake a cikin gafaka. Don kada su rikice, a ƙasan kowace warƙa yakan rubuta kalmar da za ta fara ta gaba. Sai dai hannu ya riga ya saba, wannan kalmar ya rubuta ta 'yar mitsitsiya a kusurwa, kamar yadda yake yi a nasa. Ba wanda ya lura a cikinmu. Murna muke yi, Inna ta koma bakin ƙofarta.

Murnar ba ta daɗe ba. A farkon damina, wata la'asar tana zaune da takardun a cinya, iskar hadari ta taso ba sallama. Hannun tsufa bai iya tare su ba. Suka tashi suka watsu a tsakar gida, wata ta maƙale a danga, wata ta faɗa kusa da makwarara, ɗaya kuma iska ta kai ta har turken awaki. Matar yayana ta bi ta tsince su kafin ruwa ya sauko, ba wadda ta ɓace. Amma sun cuɗe, kuma Inna ba ta ganin 'yar kalmar da za ta nuna mata wacce ke bin wacce. Ta ɗaure su ta aika a kira ni.

“Mayar masa da kayansa. Sunan Ubangiji a turken awaki, a dalilina! Ban iya riƙon amana ba, gara in haƙura.”

Wannan karon ta yi kuka.

Na kawo takardun gida na jera su da taimakon ƙananan kalmomin nan. Wadda ta ɓaci Baffa ya sake rubuta ta, ya ƙona tsohuwar ya binne tokar a wuri mai tsarki. Ni kuwa na tuna a sakandare malamar zane ta taɓa koya mana haɗa takardu mu ɗinke su da zare mu yi musu bango. Na ce ai shi ke nan, magani ya samu. Ranar da Baffa ya zo Gubuchi duba Inna na kawo maganar a gabansu.

Inna ta ce, “Da me za ki ɗinke?”

“Da allura mana, Inna. A gefe, inda ba rubutu.”

“Allura a jikin takardar da ke ɗauke da sunan Allah? Ba da ni ba.”

Baffa ya ce, “Ke tsohuwa, wancan ɗan littafin naki na inji da kika yi shekaru kina runguma, da yawu aka haɗa shi? Ɗinke yake. Babu laifi a ciki.”

“Wancan ban ga lokacin da aka soke shi ba. Wannan kuwa a kan idona aka haife shi.”

“Idon da kika ce ba ya gani?”

“Yana ganin ƙaton kanka ai.”

Aka yi dariya, amma ba ta sauka daga maganarta ba. Da na raka Baffa zaure ya rage murya ya ce mini, “Ba haramun ba ne, kin dai ji. Amma zuciyarta ba ta so, kuma da zuciyar za ta karanta. In kika soke shi, duk sanda ta buɗe hujin za ta riƙa tunawa. Ban da haka ma gefen da na bari bai kai faɗin yatsa ba, in kika ɗinke a nan littafin ba zai buɗu ba.”

Maigidana da na ba shi labari ya ce a kai shagon masu hoton takardu da ke bakin kasuwa, su huda gefen su zura masa zoben roba, aikin minti kaɗan. Na ce masa huji ɗaya ta ƙi, shi kuma yana maganar huji jere daga sama har ƙasa. Ya ce to shi iyakar basirarsa ke nan, Allah Ya kawo mafita.

Mafitar kuwa a cikin adakar Inna take. Na je taya ta shanya tufafi saboda sanyin damina, ina ninke zannuwanta, sai hannuna ya faɗa kan wani tsohon zanen saƙi. A samansa, inda ake ɗaurawa a ƙugu, an ɗinka masa ƙarin yadin akoko mai faɗin tafin hannu. Haka Inna ke yi wa duk zanen da take ji da shi, wai don ɗauri da gumi su ci akokon, su bar mata zanen. Na tsaya riƙe da shi. Na ce a raina, to me zai hana a yi wa kowace warƙa irin wannan ƙarin? A manna mata ƙyalle a gefe, allura ta bi ta cikin ƙyallen, takarda ko ƙwarzane.

Ban taɓa rubutun Baffa ba tukuna. Na yanka wasu takardu marasa amfani daidai girmansu na fara gwaji. Karon farko da sitacin rogon da nake sa wa kayan maigida na manna, ya kama da kyau, na ajiye a kan kwaba. Kafin mako ya zagayo kyankyasai sun yi walima, sun cinye gefen sun bar mini kashi. Baffa ya aiko mini da ƙaro, irin wanda yake sa wa tawada, ya ce in jiƙa shi ya narke in tace da ƙyalle, in shafa kaɗan-kaɗan da gashin kaza, in kuma riƙa ajiye busasshen ganyen darbejiya kusa. Karo na biyu da sabon yadi na yi, sai gindin littafin ya kumbura ya fi bakinsa kauri, ya ƙi rufuwa, yana hangame. A nan na gane sai ƙyallen da ya sha wanki ya yi laushi ya sirance. Na roƙi Inna tsofaffin zannuwan da ta daina ɗaurawa. Ta ba ni ba ta tambayi dalili ba.

Na uku ya yi kyau har na ji daɗin kaina. Na rubuta manyan baƙaƙe a shafukan da alƙalamin allo don ta gwada, na kai mata. Ta saurari bayanina a tsanake, ta shafa ƙyallen, ta ce, “Wato zanen za a soka.” Na ce shi kaɗai. Sai ta gyara littafin a cinya ta buɗe shi yadda hannunta ya saba, daga dama. Sai ga shafin ƙarshe. Ta juya shi, ta sake juyawa.

“Auta, wannan littafin naki da baya yake tafiya.”

Na duba. Ashe a gefen hagu na manna ƙyallayen duka, kamar littafin Turancin da muka yi a makaranta. Ni da nake buɗe Alƙur'ani kullum daga dama, da na zo haɗa littafi sai hannuna ya koma aji.

Matar yayana ta yi dariya har da riƙe ciki. Inna ta ce, “Boko ya juya miki kai, 'yar nan. Allah Ya so ba a kan na Malam kika fara ba.”

Har yau in na tuna sai na ce Alhamdu lillahi. Da a kan rubutun Baffa na manna, ɓamɓare shi sai ya tafi da fatar takardar.

Daga nan na shiga aikin gaske. Kullum in na sallami yara makaranta na gama da madafa, sai in yi alwala, in shimfiɗa farin zane a kan gado, in rufe taga saboda iska. Kwanakin da ba na salla kuwa in ajiye aikin. Kowace warƙa na yanka mata ƙyalle, na ninka shi biyu ya kama bakinta na dama ciki da waje kamar kalmasa, na bar faɗin yatsa biyu a waje. Sai na duba na sake dubawa cewa daman ce kafin in shafa ƙaro. Addu'o'in safe na sa musu wata tsohuwar atamfa shuɗiya mai santsi, na yamma kuma akoko mai ɗan kaushi, don ko ba ta duba ba yatsanta ya gaya mata inda take. Damina ba ta barin abu ya bushe da wuri, aikin ya ja. Don kada takardun su tanƙware suna bukatar danni, amma raina bai ba ni in ɗora musu dutse ba. Littattafan addinin maigida na jero a kansu.

Bangon ne kaɗai ya sha dutsen niƙa. A Makarfi na samo kwali mai kauri wanda ba hoto ba rubutu a jikinsa, na kuma je wurin wani dattijon baduku a kasuwa ya yankar mini jar fatar akuya, ya fere mini gefunanta don su ninku. Ya so ya yi mata ado da zanen ƙarfe, ni ma raina ya biya. Sai na tuna mai littafin ba adon za ta gani ba, abin da take tsoro iska ce. Na ce ya bar adon, ya bar mini dai fatar ta yi tsawo ta gefe ɗaya, yadda za ta naɗo ta rufe bakin littafin, da igiya a jiki. Shi ya ara mini basilla, babbar allurarsu ta dukanci, ya kuma ce in goga wa zaren kakin zuma don kada ya ci ƙyallen.

Ranar ɗinki ta zo. Na daidaita ƙyallayen, na matse su tsakanin katako biyu da gwiwata, na yi Bismillah na huda. Basilla ta shige ta cikin atamfa da akoko, nesa da takarda. Na bi da zare na ɗaure, na haɗa da bango. Da na buɗe shi a cinyata sai ya kwanta shar, dama da hagu, ba sai an danne ba. Na daɗe zaune ina kallonsa, har tuwon rana ya kusa kamawa.

Na aika wa Baffa, muka haɗu a Gubuchi wata ranar Juma'a bayan an sauko. Inna ta wanke hannu ta karɓa. Ba ta fara da karatu ba. Warƙa-warƙa ta bi, tana ɗaga kowacce sama ta fuskar haske, tana shafa gefenta da yatsa, tana neman huji. Da ta kai ƙarshe ta ce, “Ina allurar ta bi?”

Na buɗe mata tsakiyar na ɗora yatsanta a kan zaren. “Ta cikin zanenki, Inna.”

Ta kawo shi kusa da idon da aka yi wa aiki, ta ƙura wa shuɗin ido.

“Wannan ai shi na ɗaura ranar sunanki.”

Ban sani ba wallahi. Laushinsa kawai na duba.

Baffa ya ce a ba shi ya gani. Ya jujjuya shi, ya shinshina fatar, ya buɗe ya rufe. Sai ya mayar mata a cinya a buɗe, ya ɗauki maficin matar yayana ya shiga fifita shi da iyakar ƙarfinsa. Takardun suka yi ta kaɗawa suna faf-faf, ba wadda ta bar wurinta.

Ya ce, “To, ga hadari nan na kawo miki, tsohuwa. Me ya tashi?”

“Rawaninka ne kawai ya kusa tashi.”

“Ni dai tun da nake ban taɓa ganin an ɗaura wa takarda zane ba sai yau. Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Ke kuma ina furata?”

Inna kuwa hankalinta ya koma kan littafin. Ta riga ta shafo akokon, don la'asar ta yi, ta ɗora yatsa a kan layin farko. Muryarta ta fito a hankali, tana tsayawa tana ci gaba, kamar mai taka hanyar da ya daɗe bai bi ba. Baffa ya ajiye maficin. Da ta yi tuntuɓe a wata kalma na ga leɓensa ya motsa, amma ya kame bakinsa har ta tashi da kanta. Ni dai na fita madafa, don ba na so ta ji ni ina jan hanci ta ce na ɓata mata karatu.

Yau shekaru ke nan. Jar fatar ta yi duhu ta yi sheƙi a inda tafinta ke kamawa. Idon da aka yi wa aikin ma ya ƙara rauni, yanzu sai na yi magana take gane ni ce. Amma matar yayana ta ce ko sau ɗaya Inna ba ta sake komawa kwanciya bayan asuba ba. Zuwana na bayan nan na kwana a can, da safe na zauna kusa da ita a bakin ƙofa. Sai na lura harshenta ya riga yatsanta, tana gama layi yatsan bai kai rabinsa ba.

Da ta shafa addu'a na ce, “Inna, rariyar nan fa ta fara riƙe ruwa.”

Ta ce, “Rufa mini baki, kada ta ji ta zubar.”

Sannan ta buɗe wajen addu'o'in safe ta kama hannuna ta ɗora a kan wata warƙa. Atamfar ta fara sulɓewa a kusa da zare, saura kaɗan ta rabu. Ta ce in buɗe adaka in zaɓi wanda ya fi laushi, in kuma tuna, ta dama ake mannawa.